Tambaya Ta Goma Sha Bakwai

Masu karatu, duk wadda ta tambaye ni tabon da ke saman girata ta hagu, nakan ce mata a bakin rijiya na faɗi ina yarinya. Ƙarya ce. Na daɗe ina yin ta, yau kuma na gaji. Ku gyara zama, amma don Allah kada wadda ta yanke mini hukunci sai ta kai ƙarshe.

Sunana Rufaida, 'yar Malam Abdulmuttalib mai Islamiyya a Gwarzo. A shekarar 2004 ina da ashirin da uku. Lokacin Shari'a na da zafinta, ga kuma rigimar allurar shan-inna ta cika gari, kowa da abin da ya ji an ce. Na gama NCE a fannin kimiyya, na yi shekara biyu ina wanke-wanke da shara, domin gwamnati ta ce tsuke bakin aljihu take yi, ba ta ɗaukar malamai. Takarduna suna ƙasan akwati tare da ƙwallayen kafur.

Ana nan sai wata cibiyar bincike ta wata jami'a ta zo neman 'yan aikin wata biyu. Wai so ake a auna inda ƙasar nan ta kwana a harkar kimiyya: ɗakunan gwaji nawa ke aiki, masu bincike nawa ne, sannan su talakawa yaya suke kallon abin. Fom iri biyu ne. Shuɗi na makarantu, fari na gidaje mai tambaya arba'in. Mata suke nema ido rufe, tunda namiji ba ya shiga gidan matan aure. Na rubuta jarrabawarsu na zo ta ɗaya. Aka haɗa ni da Malam Tasi'u, wani dattijo da ya yi shekara talatin yana kula da ɗakin gwaji a sakandare kafin ya yi ritaya. Shi ke tambayar maza, shi ke jan tsohuwar fijon da aka ba mu, ni ina baya da takardu a cinya.

Matsalar ɗaya ce, sunanta Badruddeen.

Kada ku ɗauka mugun mutum zan kwatanta muku. Dogo ne, wankan tarwaɗa, kullum cikin farin yadi mai guga da hula zanna-bukar, ƙamshin turarensa na riga shi shigowa zaure. Yana koyar da Larabci, yana da shagon littattafai a bakin kasuwa. Shekara biyu muna tare. An kawo lefe akwati huɗu, an sa rana bayan Babbar Sallah. Shi ya saya mini 'yar Nokia, lokacin da masu waya a layinmu ba su kai biyar ba, kuma in zan yi kira sai na hau kan turmi a tsakar gida nake samun sabis sosai.

Ranar da na gaya masa, bayan la'asar ne a zaure. Na ci ado da atamfa ruwan goro da hijabi ruwan toka, na kawo masa zoɓo mai sanyi, ina ta murna kamar wadda aka biya wa Makka.

Ko kofin bai taɓa ba.

"Mota ɗaya da namiji?"

"Sa'an Baba ne fa, Yaya Badar. Jikokinsa bakwai."

"Ƙauye-ƙauye, gida-gida, kina tambayar matan mutane sirrin ɗakinsu. Wa zai karanta amsoshin? Kin sani?"

"Jami'a."

"Bayan jami'a fa?"

Wannan kam gaskiya ban sani ba.

"Rufaida, saura wata uku ki shiga gidana. Me kika rasa? Ki mayar musu da takardunsu."

A raina na ce, na rasa dalilin da ya sa na yi shekara uku ina haddace sunayen ƙasusuwa. A fili kuwa cewa na yi, "Baba ya amince."

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. "To. Allah ya ba da sa'a."

Inna tana bayan ƙofa tana ji. Ina shiga ta tare ni da muciya a hannu.

"Ke wace irin yarinya ce? Miji kamar wannan, mata na rububi, ke kina yi masa gardama a kan takardar banza? In ya fasa, jami'ar ce za ta aure ki?"

Baba ya ɗaga labule daga ɗakinsa. "Zubaidatu, bar ta. Tambaya ba zunubi ba ce. Mu ma da tambaya muka san abin da muka sani."

Inna ta yi ƙwafa ta koma madafa. Duk da haka, kullum da safe ita ke cika mini wata 'yar shuɗiyar kula da kunun zaƙi, tana miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba.

Sati uku na farko, wallahi na ji daɗin duniya. A wata sakandare a yankin Kabo muka tarar da ɗakin gwaji an mayar da shi ma'ajiyar gyaɗa. Madubin duba ƙwayoyin cuta guda ɗaya tak, yana kulle a kabad ɗin shugaban makaranta, ba a taɓa cire shi daga leda ba. Malam Tasi'u ya roƙa aka buɗe. Ya goge shi da gefen babbar rigarsa, ya ɗiga ruwan kududdufi, ya kira 'yan mata ɗalibai su leƙa. Wata ta yi tsalle da baya tana salati, wai abubuwa na yawo a ciki. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

A mota ya ce mini, "'Yata, a fom sai dai mu rubuta ɗaya. Amma kin ga fuskar yarinyar nan? Babu gurbin rubuta wannan."

Amsoshin mata kuwa, kullum sai na koma gida da ciwon ciki don dariya. In na ce mece ce kimiyya, wata ta ce injin niƙa, wata ta ce takin zamani. Wata tsohuwa a Unguwar Tudu ta ce, "Ba ita ce ta kai Bature wata ta bar mu da tonon rogo ba?"

Badruddeen bai sake zuwa zance ba. Sai saƙo.

*Har yanzu kina nan kan bakanki?*

*Yaya Badar saura kaɗan. Ka yi haƙuri.*

*Haƙuri ma yana da iyaka.*

Ranar wata Talata muka nufi wani ɗan ƙauye bayan Mainika, ana ce masa Gidan Marke. Muka fara gaida mai unguwa, muka nuna masa takardar izini, ya sa mana albarka. Malam Tasi'u ya ajiye mota a gindin marke kusa da 'yar kasuwar da ke ci ranar, ya shimfiɗa tabarma ya fara da maza. Ni na shiga gida na uku, gidan wata mata Uwaliya, ƙaƙƙarfa, tana surfen gero da goyo a bayanta. Muka gaisa har da tambayar kaji. Ta ba ni kujera 'yar tsugunno, ta ci gaba da surfenta ina tambaya.

Muka zo tambaya ta goma sha bakwai. Har yau na haddace ta.

"Idan masana kimiyya suka ce magani ba shi da illa, kina yarda da su ƙwarai, ko kaɗan, ko sam?"

Ta tsayar da taɓarya. "Su waye su?"

"Masu bincike. Likitoci da malaman jami'a."

"Na taɓa ganinsu?"

"Da wuya."

"To ni wanda na ga idonsa nake yarda da shi. Ke da kika zauna a gidana kika sha ruwana, in kin ce mini, zan yarda. Rubuta haka."

Ina neman inda zan rubuta haka, sai muka ji ihu daga waje.

Da farko na ɗauka faɗan kasuwa ne. Sai na ji kalmomin sun fito fili.

"Masu ƙirga 'ya'ya ne! Masu kashe mahaifa! Ga akwatin allurar nan a mota!"

Na saki biro na fita da gudu. Uwaliya na kira na, ban tsaya ba.

Masu karatu, ban taɓa sanin mutane na taruwa da sauri haka ba. Mutanen da muka gaisa da su ɗazu, masu tallan barkono da mahauta da 'yan acaɓa, sun yi wa motar zobe. Wani ya ɗaga kular Inna sama yana juyawa da ita kamar ya kama ɓarawo. Malam Tasi'u yana tsaye a kan tabarma, ya ɗaga hannuwa biyu, takardu na zubewa.

"Jama'a kunu ne! Ku buɗe ku gani, kunun zaƙi ne! Ku kira mai unguwa!"

Babu wanda ya buɗe. Dutse na farko gilashin gaba ya samu. Na biyu ya sami Malam Tasi'u a baki. Na ga ya dafe, jini na bin yatsunsa yana sauka a farin gemunsa, yana kallonsu da mamaki, ba tsoro ba, mamaki. Wani ya fizgi babbar rigarsa ta baya ya faɗi. Sai ƙafafu. Sai sanduna. Ina jin ƙarar dukan kamar ana bugun dawa a masussuka, ina jin muryarsa a ƙasa yana ta kalmar shahada.

Na kutsa ina ihu. "Ku bar shi! Wallahi tambaya kawai muke yi! Ni 'yar Malam Abdulmuttalib ce ta Gwarzo!"

Wani ya damƙi hijabina ya ja, igiyar ta shaƙe ni, ya yage har ƙasa. Wani ya kwaɗa mini mari, kunnena ya ɗauki ƙara. Na faɗi a kan gwiwoyina, kuma daga nan ƙasa, ta tsakanin ƙafafun mutane, na ga abin da ya hana ni barci shekaru.

Malam Tasi'u ya yunƙura ya tashi zaune, hannunsa ɗaya na lilo a karye. Wani saurayi mai jar riga ya matso da ƙotar fartanya, ya ɗaga da hannu biyu, ya sauke masa a tsakiyar kai. Dattijon ya tafi a hankali ya kwanta, ƙafarsa na karkarwa.

Saurayin ya juyo. Muka haɗa ido.

Muslim ne. Ƙanin Badruddeen, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan acaɓa. Yana cikin waɗanda suka sauke akwatunan lefena daga mota, har yana tsokanata da Anti amarya.

Ya saki ƙotar. Bakinsa ya buɗe. Daidai nan dutse ya same ni a goshi, duniya ta koma ja.

Abin da na sani bayan nan, ana ja na a ƙasa. Uwaliya ce, da goyonta, ta kama ni ta hammata ta shige da ni gida ta jefa ni ɗaki. Ta tsaya a bakin ƙofa da taɓarya. Ina kwance jini na shiga idona, ina jin ta.

"Duk ɗan halak ya taka zauren nan! Baƙuwata ce, ruwana ta sha! Kai Zailani, ba ni na yi wa matarka wankan jego ba? Matso in fasa maka kai, in ya so a kai ni gaban alƙali!"

Babu wanda ya shigo. Sai warin taya da fetur. Motar suka cinna wa wuta, da fom ɗin mutum ɗari biyu da muka cike a ciki. Sai da liman da mai unguwa suka zo suna salati da ƙarfi, aka ce ga 'yan sanda, sannan kowa ya watse, aka bar takalma da barkono a warwatse.

Ɗinki bakwai aka yi mini a asibitin Gwarzo. Malam Tasi'u kuwa ko tsayawa da shi ba a yi ba, aka wuce Kano, Baba ya bi su.

Washegari da hantsi ina kwance a ɗakin Inna, fuskata ta kumbura, ido ɗaya a rufe. 'Yan dubiya na shiga suna fita. Wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin filo, saƙon Badruddeen ne.

*Sannu Rufaida. Allah ya sa kaffara ne.*

Wani saƙon ya sake shigowa.

*Muslim ya gaya mini kin gan shi. Yaro ne, ruɗin shaiɗan ne. Hajiyarmu tana da hawan jini. Don girman Allah ki rufa mana asiri.*

Na uku.

*In kina so na kamar yadda kike faɗa, yau zan gani.*

Inna ba ta iya karatun boko ba amma ta ga fuskata. Na karanta mata. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta zauna a bakin gado, ta kama ƙafata. Inna da ba ta taɓa roƙona komai ba.

"Rufaida, ki dube ni. Jini ya rufe miki ido, ba ki ga kowa ba. Shi ke nan. Wa zai ce kin yi ƙarya?"

"Inna, a kai ya buga masa. Da hannu biyu."

"Na ji. Allah zai saka masa. Amma ke fa? Ki kai ƙanin mijinki kurkuku, wa zai kuma tako gidan nan neman aurenki? Garin nan ƙarami ne. Za a ce 'yar Malam ta shiga aikin Yahudawa ta dawo ta ɗaure ɗan Musulmi. Ƙannenki mata uku suna bayanki."

Na juya fuskata bango. Kuma bari in gaya muku gaskiya, tunda na yi alkawari: na so in bi maganarta. Na tuna ɗakin da Badruddeen ya yi mini fenti ruwan ƙwai a unguwar Jama'a, da labulen da muka zaɓa tare. Na ce a raina, ai mutum hamsin ne suka dake shi, me ya sa sai ɗaya? Na ce, wataƙila ma ya warke.

Bayan azahar Baba ya dawo. Daga sallamarsa na gane. Ya shigo bai cire takalmi ba, abin da bai taɓa yi ba, rigarsa duk ta yamutse.

"Malam Tasi'u ya cika da asuba. Mun kai shi."

Inna ta ɗora hannu a ka. Ni ko kuka ban iya ba.

"Akwai sufeton 'yan sanda a zaure," in ji Baba. "Ke kaɗai ce baƙuwar da ta gani. Mutanen ƙauyen kowa ya ce yana gona."

"Malam," Inna ta fara.

Ya ɗaga mata hannu. Ya dube ni da kyau. "Ba zan sa miki magana a baki ba. Kin yi karatu a gabana, kin san hukuncin wanda ya ɓoye shaida. Kin kuma san abin da zai biyo baya in kin faɗa, ba zan ce miki babu ba. Abin da zan iya gaya miki, matarsa ta riƙe rigata a ƙofar gida tana tambayata me ya yi musu. Ban sami amsa ba."

Na saka hijabin sallar Inna, Baba ya riƙe hannuna muka fita. Sufeton, wani mai furfura a saje, yana zaune a kan tabarma da littafi a gwiwa, ɗan sanda ɗaya a tsaye. Ya yi mini sannu, ya tambayi sunana da shekaruna. Na ba shi labari tun daga gaisuwar mai unguwa har kular kunu.

"A cikin waɗanda suka dake shi, kin gane wani?"

Ƙamshin turaren ne ya fara shigowa. Na ɗaga ido ɗayan da ke gani. Badruddeen na tsaye a ƙofar zaure, ba hula, idanunsa jawur, rigar jiya ce a jikinsa. Kai kawai ya girgiza mini, a hankali.

Ina jin numfashin Inna a bayan ƙyaure.

"Malama?" in ji sufeto.

"Na gane ɗaya." Muryata kamar ba tawa ba. "Shi ya buga masa ƙota a ka. Sunansa Muslim, ɗan gidan Alhaji Lukuman na bakin kasuwa."

Inna ta saki salati. Biron sufeto na tafiya a kan takarda, shi kaɗai ake ji. Na jira Badruddeen ya zage ni, ko ya ce a fito masa da akwatunansa. Na shirya wa wannan.

Sai ya cire takalmi ya shigo, ya durƙusa a gaban Baba.

"Ranka ya daɗe, kada ka rufe littafin," ya ce da sufeto, amma ƙasa yake kallo. "Muslim yana shagona, na kulle shi ta baya. Ga makulli. Sai dai ka rubuta sunana a saman nasa."

"Kana wurin?" in ji sufeto.

"Ba na wurin. Ni na tura shi. Na ce ya je ya ce masu allura ne, a kore su, a yaga takardun. Na san ƙarya ne. Na ce in Rufaida ta tsorata za ta dawo gida ta zauna. Wallahi ban ce a taɓa kowa ba. Wallahi ban san za a..."

Baba ya janye ƙafarsa daga kusa da shi, kamar wanda ya ga kunama.

Ɗan sandan ya ciro ankwa. Badruddeen ya miƙa hannuwansa da kansa, hannuwan da suka rubuta mini wasiƙu da Larabci ina kai wa Baba ya fassara mini rabi ya ɓoye rabi. Da aka tashe shi, a bakin ƙofa ya juyo. Ya kalli ɗinkin goshina, fuskarsa ta yamutse, hawaye suka zubo.

"Rufaida, za ki jira ni?"

A gaban mahaifina. A gaban 'yan sanda. Ƙasar kabarin Malam Tasi'u ko bushewa ba ta yi ba.

Na san amsar da kuke so in ce na ba shi. Ni ma ita nake so. Baba ya juyo yana kallona, sufeto ya dakata da ƙafa ɗaya a waje, kowa na jiran a'a ɗin da ta dace da 'yar malam. Na buɗe baki, masu karatu, na neme ta sama da ƙasa a cikin ƙirjina.

Ban same ta ba.